Zinariyar da Na Ƙi Sayarwa

Akwai wata fadar samari gaban shagona, nan bakin kasuwar Tawa. Da la'asar sukan shimfiɗa tabarma su ɗora shayi, kowa da wayarsa a hannu. Wasu cikinsu suna sayen hannun jarin manyan kamfanonin waje ta waya, irin kamfanonin da ke ƙera wayoyin da na'urori. Ran nan ɗaya ya miƙo mini tasa, ya nuna mini wani zane mai hawa da sauka, kore da ja, ya ce, "Baba Tahiru, ai abin ga ba wuya gare shi. In kowa na saidawa ka saya, in kowa na saye ka saida. Ku kun sha wuta da hayaƙi, mu da yatsa guda muke yi."

Na ce ya ajiye wayar ya zuba mini shayi. Abin da ya faɗa gaskiya ne, da shi na ci da gidana sama da shekara talatin. Amma bai san nauyin maganar ba, shi ya sa nake son in ba ku labarin yadda na san shi.

Ban shiga harkar zinariya ina yaro ba. Sai da na yi shekaru ina tallan yadi a Abijan, kamar yawancin ƴan Adar, na dawo da iyali da ɗan abin da bai kai a kira shi jari ba. Wani maƙerin fari mutumin Abalak, sunansa Agali, shi ya ɗauke ni. Yana ƙera ƴan kunne da warwaro, yana kuma sayen tsohuwar zinariya hannun mata. Kayan aikinsa ba su cika jaka guda ba. Akwai ƙaramin sikeli da ake rufewa cikin akwatin gilashi, don ko numfashin mutum yana motsa shi. Akwai baƙin dutse da ake goga zinariya a kai, da kwalabe uku na asid da ake ɗiga wa gogen. In layin ya tsaya zinariya ce, in ya ɓace an cuce ka. Sai magagari, da kaskon narki, da kofin ruwa da zare, waɗanda ake rataya curin zinariya a ciki a gane ko an haɗa shi da wani ƙarfe.

Cinikin farko da ya bar mini ni kaɗai, wani warwaro ne mai kauri. Wani mutum ya kawo shi, ya ce na uwarsa ne. Na goga a dutse, na ɗiga asid, layi ya tsaya ƙyam. Na auna na biya. Da Agali ya dawo daga masallaci ya juya warwaron a tafin hannunsa sau biyu, ya ɗauki magagari ya yi masa ƴar tsaga ta ciki. Jan ƙarfe ya leƙo.

"Fatar ka gwada," in ji shi. "Wanda ya yi wanga ya san za ka gwada fata."

Wata huɗu bai sake bari na biya kowa ba, sai dai in gwada shi ya biya.

Wajensa na ga saye lokacin da kowa ke gudu. In damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, mata sukan fito da ƴan kunnensu daga ƙasan adaka, daga Kalfu, daga Bambay, har daga rugage. Masu saye da yawa sukan ja baya, su ce wa zai sayi ado cikin yunwa. Agali kuwa lokacin yake saye, kuma ba ya tauye mace a sikeli. Sai kaka ta yi kyau, bukukuwa sun taso, kowa na neman abin sa wa amarya, sannan ya fito da su. Ranar da ya ji mai shayi da mai kabu-kabu suna cewa zinariya za ta hau, ranar yake rage ta hannunsa. Na ɗauka na gama karanta shi. Ya rasu, na gaji shagon da sikelin.

Da zinariya ta ɓulla a arewa, can wajen Jado, ciniki ya sake kama. Samarin da suka saba tafiya Abijan da Libiya suka koma haƙa. Sukan dawo da ita cikin kwalbar magani ko ƙulle a bakin rawani, gari-gari ko tsakuwa-tsakuwa. Ni in narka, in gwada, in biya, in tara, in kai wa wani babban Elhaji a Yamai, shi kuma ya sa ta jirgi zuwa Dubai. Aikin ya fi ƙarfin aljihuna, sai mutum biyu suka sa kuɗinsu muna raba riba. Ta farko Hajiya Rakiya, matar marigayi wana, wadda ta sayar da shanun da aka bar mata ta kawo mini. Na biyu maƙwabcina Daniyel, muna ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, Kirista ne mutumin Maraɗi, ya koyar da lissafi a lakkol, wato makarantar boko, har ya yi ritaya a nan Tawa. Shekaru muna haka ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya.

Sai shekarar korona. Wata safiya ina cikin narka wani ɗan curi, waya ta yi ƙara, Elhajin Yamai ne.

"Tahiru, kada ka taho. Jirgi ba ya tashi, an rufe iyaka. Na tsaida saye."

"Har yaushe, Elhaji?"

"Tambayi Allah."

Cikin kwana kaɗan farashi ya faɗi a garin nan irin faɗuwar da ban taɓa gani ba. Abin mamaki, in ka duba waya, farashinta a duniya hawa yake yi. Zinariyar tana da daraja, hanyar fitar da ita ce babu. Masu saye suka rufe shaguna. Masu haƙa kuwa suna ta sauka daga arewa, don can ma abinci ya yanke musu.

Na tuna wani daga Barmu da ya shigo mini da rana tsaka, leɓɓansa sun tsattsage. Ya kwance ƙullinsa kan tebur, zinariya ce mai kyau, ja, ba datti. Ya ce ya zaga wuri biyar, uku a rufe, biyu sun yi masa tayin wulaƙanci. Ya ce, "Elhaji, ko nawa ne ba ni, wata bakwai ban ga ɗiyana ba." Na ba shi sama da tayin da aka yi masa, ƙasa ƙwarai da abin da zan ba shi wata biyu baya. Ya yi ta godiya. Kafin la'asar labari ya zaga cewa Tahiru na saye.

Washegari na tara abokan jarina a zauren gidana. Na ce musu jirgi zai tashi, ko ba jima ko ba daɗe, kuma ranar da ya tashi wannan farashin ba zai sake dawowa ba. Ina son in zuba duk abin da muke da shi.

Hajiya Rakiya ta ce, "Ni ban san kan abin ga ba, Tahiru. Abin da ka gani shi ne."

Mushe Daniyel ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce, "Malam Tahiru, lissafinka daidai ne. Amma ni nawa nake so ka ba ni."

Na ɗauka tsoro ne ya kama shi, ashe ba haka ba. Ɗiyarsa tana aikin banki a Abijan, ta buɗe masa asusun sayen hannun jari. Ya nuna mini a waya: kamfanonin na'ura da na sadarwa duk sun zube, Turawa na ta sayarwa kamar gobe za a tashi duniya.

Ya ce, "An kulle mutane cikin gidajensu. Wanda aka kulle, da mi zai yi magana da ɗiyansa? Da mi zai yi aiki? Da abin ga ne. Kowa na gudu, ni yanzu zan shiga."

Na ce, "Mushe, abin da ba ka iya ɗorawa a sikeli, ba ka iya goga shi a dutse, shi za ka ba guminka na shekara talatin?"

Ya ce, "Kai kuma taka, in ka ɗora ta a sikeli yau, wa zai saya?"

Muka yi dariya, ba mai daɗi ba. Na ware masa nasa. Abin da ya rage, nawa da na Hajiya, na zuba shi kaf. Kwana goma sha ina saye, har na wayi gari ba ni da abin da ya wuce kuɗin cefane. Na narka duka na mai da ita curi shida, na naɗe cikin tsumma, na tura cikin buhun hatsi na uku daga sama a ɗakin ajiya. Ko uwar ɗiyana ba ta san wane buhu ba ne. Farashi kuma bai tsaya inda na saya ba, ya ci gaba da sauka. In na wuce kasuwa ina jin ana cewa Tahiru ya tsufa.

Wannan duk ban damu da shi ba. Zagi da dariya suna cikin sana'ar.

Cikin azumi, wata ranar Laraba da hantsi, aka aiko in zo asibiti. Mamman ne, babban ɗan Hajiya Rakiya, magidanci mai ƴaƴa biyu, yana lodin albasa. Kamiyo, babbar motar kayan, ya ja baya ya matse masa ƙafa da bango, ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata. An wanke an ɗaure. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ƙarfen da magungunan sai an saya, a kawo su daga wani gari. Ya rubuta takarda. Ya ce, "Ku hanzarta, irin wannan rauni ba ya son jira, balle cikin zafin nan."

Hajiya ta ja ni gefe ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Ɗebo cikin nawa."

Na ce, "To, Hajiya."

Nan ne na gane abin da ban lura da shi ba duk zamana da Agali. Bai taɓa saye da kuɗin kowa ba, kuma bai taɓa zuba nasa duka ba. Shi ya sa yake iya jira. Ni ga ni da dukiyar da ta fi ƙarfin aikin Mamman sau da yawa, tana kwance cikin hatsi, mai farmasi kuwa ba ya karɓar curi.

Mutum guda ya rage yana saye a garin, wani baƙo da ya sauka a wani gida bayan tasha, ana cewa ta daji yake fitar da ita zuwa Nijeriya. Ba zan faɗi sunansa ba. Na ɗauki curi guda na tafi. Ya gwada da kayansa, ya gyaɗa kai. Ya riga ya ji labarin Mamman, a garin nan ba abin da ke ɓoyuwa.

"Elhaji, na san shida gare ka. Guda ba ta isa in ɗauki kasadar hanya. Kawo duka, in ba ka kuɗi yanzu, kafin azahar."

Ya faɗi farashi. Da na karɓa, da ribar ta tafi, da wani babban yanki na uwar kuɗin, nawa da na Hajiya, ya bi ta.

Na ce, "Guda nake saidawa."

"Duka ko babu."

Ku da kuke cewa abin ba wuya, ga inda sana'ar take. Jakar kuɗin tana gefensa, ina ganinta. Duk abin da na koya cikin shekara talatin yana ce mini wannan shi ne lokacin da ba a sayarwa, mutumin nan tsoro yake saye ba zinariya ba. Kuma ina da wata dabara a raina. Na mai da curina aljihu na fito.

Kai tsaye gidan Mushe Daniyel na nufa. Na same shi yana ba tumakinsa ruwa. Na faɗa masa komai. Ya wanke hannu ya ɗauko waya, ya duba. Hannayen jarin nasa sun fara ɗagowa, ya ce yanzu ne ma suka kama hanya.

"In na saida yau, na san na yi wauta," in ji shi. Sai ya latsa. Ko minti guda bai yi ba. Ya ce, "Shi ke nan, sun tafi. Ka ba ni curi biyu a farashin da ka saya."

Na ce, "Mu je mu karɓo kuɗin."

Ya dube ni. "Malam Tahiru, ba haka ake yi ba. Sayarwa ce ta yatsa guda. Kuɗin sai sun kwana biyu kafin su shiga asusu, sannan yarinyar ta fitar ta turo nan."

"Kwana nawa ke nan?"

"Uku, in Allah ya so."

Na koma asibiti na ce wa Hajiya kwana uku. Ta ce, "Likita ya ce a hanzarta." Na ce na ji, kwana uku ba wani abu ba ne. Na sayar da motona, wato babur, da ragon da nake turke, aka sayi allurai da magungunan farko. Na zaga wurin abokai ƴan kasuwa. Masu albasa tasu na ruɓewa a rumfa saboda iyaka a rufe, masu kanti sun zuba nasu a kayan azumi. Wanda ya ba da jikka biyar, wanda ya ba da haƙuri.

Ranar Jumma'a zazzaɓi ya rufe Mamman. Da aka kwance ɗaurin, sai da matarsa ta fita waje. Likita ya tare ni a baranda ya ce, "Ina kayan?" Na kira Mushe, ya kira Abijan. Kuɗi sun fito daga kasuwar, amma bankin can na rufewa da wuri saboda cutar, ga Asabar da Lahadi sun shigo. Sai Litinin.

Ban tsaya sallama ba. Na je gida, na zubar da buhuna biyu a ƙasa, na zaro curin shida duka, har da biyun da na yi wa Mushe alkawari, na sa a aljihun ciki, na tafi bayan tasha da ƙafa, da azumi a bakina, rana na dukan ƙeya. Na samu baƙon yana ɗaure kaya.

Na ce, "Ga su duka. Farashinka."

Ya buɗe jakar ya nuna mini cikinta. Wayam. "Elhaji, ka makara. Jiya na ƙarasa, mutanen garin Cinta sun kawo mini. Da Laraba ka ba ni."

Na ce ko rabi, ko kwata, ko abin da ya rage a aljihunsa. Ya ce abin da ya rage na hanya ne. Na tsaya a ƙofar gidan da dukiyar mutum biyu tana ja mini riga ƙasa, ban san inda zan nufa ba.

Kuɗin Mushe sun iso Litinin da azahar. Shi da kansa ya karɓo ya kawo asibiti a kan kekensa. Aka aika sayen ƙarfen. Amma da likitoci suka duba ƙafar da yamma, suka kira ni da Hajiya ofis. Babbansu ya ce maganar ƙarfe ta wuce, yanzu ran yaron ake nema. Ciwon ya ci nama, yana hawa. Sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Na ce, "Da an kawo kayan ranar Laraba fa?"

Ya ce, "Elhaji, wannan Allah ne masani. Na ga wadda aka yi da wuri ta ƙi, na ga wadda ta yi."

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta ce, "A yanke." Ita ta dangwala yatsa a takardar.

Mamman ya rayu. Ya yi wata guda da wani abu a kwance, aka sallame shi kafin ruwan shuka.

Bayan babbar salla, damina ta yi nisa, waya ta yi ƙara. Elhajin Yamai ne, yana dariya. Jirgi ya fara tashi, Dubai na neman zinariya kamar ba gobe, in kawo duk abin da ke hannuna. Na kai curi shida, har da biyun Mushe. Farashin da aka ba ni ban taɓa jin irinsa ba, ko a mafarki. Waɗanda suka ce na tsufa suka riƙa zuwa shago suna gaishe ni, suna tambayar yadda na sani. Mushe ya ci riba a curinsa biyu, amma hannayen jarin da ya sayar dominmu sun yi ta hawa har ƙarshen shekara, sun bar zinariyar nesa. Ɗiyarsa ce ta faɗa mini da ta zo hutu. Shi har yau bai taɓa ɗaga maganar ba.

Daga baya shi ya koya mini duba waɗannan kamfanonin, kuma ina da ɗan abin da na sa ciki, na saya wata shekara da suka sake zubewa kowa na kuka. Don haka kada ku ce tsoho bai san wayarku ba. Amma yanzu kashi uku nake yi wa abin hannuna, kashi guda ba ya zama zinariya, ba ya shiga waya, takardar kuɗi ce a inda hannuna zai kai cikin minti biyar. Kuɗin wani kuwa, ko ya roƙe ni, ba na karɓa sai na tambaye shi wa yake ci da su, wa zai nema in ciwo ya faɗo. Ƙin bin jama'a ba shi ne wuya ba, mai taurin kai ma yana yi. Ku tambayi kanku ranar da za a nemi kuɗin, ko kasuwa ta san da ranar.

Ran da na dawo daga Yamai, ban sauka gida ba, gidan Hajiya na wuce da rabonta cikin jaka, uwar kuɗi da riba. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaishe ta ta amsa. Na ajiye jakar kan tabarma na fara yi mata bayani, ta ce, "Bar shi nan, Tahiru. Na gode." Ba ta buɗe ba. Na ce in tana so a sake juyawa, ta ce a'a, tumaki za ta saya.

Da zan fita na tarar da Mamman zaune a zaure, yana gyara igiyar sandarsa. Ƙafar wandon an naɗe ta an soke da allura.

Ya ce, "Baba, sannu da hanya. An ce jirgi ya tashi."

Na ce, "Ya tashi."

"An ce kun ci riba."

"Mun ci."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Ya janye sandar daga bakin ƙofa don in samu wurin wucewa.